Na'urar Wasan Bidiyo Ta Kamfani Ɗaya Ta Wadatar, Ko Sai An Ƙara Wata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina amfani da PlayStation 5, kuma ba ni da wani ƙorafi a kanta. Sai dai abokaina biyu, ɗaya mai Xbox, ɗaya mai Nintendo Switch, kullum suna yi mini gori cewa an bar ni a baya, wai akwai wasannin da ba zan taɓa ɗanɗana ba muddin na tsaya a kan kamfani ɗaya. Na ɗan tara kuɗi, amma zuciyata ta rabu biyu. Ni ma'aikaci ne, ba na samun zama sai da dare da ƙarshen mako. Shin guda ɗaya ta isa, ko in ƙara wata?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina guda ɗaya ta ishe ka, kuma kai da kanka ka kawo hujjar a ƙarshen wasiƙarka, inda ka ce ba ka samun zama sai da dare da ƙarshen mako. Amma tun da abokanka ba su faɗi ƙarya zalla ba, ya kamata mu tantance inda suke da gaskiya da inda zancensu ya tsufa.

Da can, gorin da suke yi maka yana da nauyi sosai. Tun da Sony ya fito da PlayStation a 1994, Microsoft kuma ya biyo da Xbox a 2001, kowane kamfani yana riƙe wasu wasanni ya hana su fita zuwa na'urar abokin hamayyarsa, domin da su ne yake jawo masu saye. Wanda yake son wasan Halo dole ya nemi Xbox, wanda yake son God of War kuma ba shi da mafita sai PlayStation. A 'yan shekarun nan wannan katanga ta fara zubewa, musamman ta ɓangaren Microsoft. Kamfanin ya sayi Activision Blizzard, kamfanin da yake yin wasan Call of Duty, a 2023 kan kusan dala biliyan 69, mutane suka yi ta fargabar cewa za a janye Call of Duty daga PlayStation, amma sai ya sanya hannu a yarjejeniyar shekara goma da Sony cewa wasan zai ci gaba da fitowa a can. A 2024 ya kai wasanninsa huɗu zuwa na'urorin wasu kamfanoni, ciki har da Sea of Thieves, a 2025 kuma Forza Horizon 5, wanda a da ake alfahari da shi a matsayin na Xbox, ya sauka a PlayStation 5. Saboda haka abin da abokinka mai Xbox yake da shi wanda kai ba za ka iya samu ba yana raguwa ne, ba ƙaruwa ba.

Ka ƙara da cewa yawancin wasannin da jama'a suka fi bugawa ba na masu ƙera na'urorin ba ne tun asali. Wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin EA, wanda aka sauya wa suna daga FIFA zuwa EA Sports FC a 2023, da Fortnite, da Minecraft, duk ana samun su a kowane ɓangare. Tun 2018 Sony ya fara barin masu Fortnite su haɗu da 'yan wasan wasu na'urori ta intanet, kuma wasanni da yawa sun bi wannan sahu, don haka ba lallai ne ka sayi irin na'urar abokinka ba kafin ku fafata.

Abin da Xbox ya fi ƙarfi a kai shi ne Game Pass, tsarin da aka fara a 2017, inda mutum yake biyan kuɗi wata-wata ya shiga rumbun wasanni masu ɗimbin yawa. Tsari ne mai kyau ga wanda yake da lokaci, amma ga mai awa ɗaya ko biyu da dare, zai biya kuɗin ɗaruruwan wasanni alhali uku kawai zai taɓa.

Zancen abokinka mai Switch kuwa daban ne, kuma a nan ne nake ganin akwai abin dubawa. Nintendo bai sassauta ba ko kaɗan: manyan wasannin Mario da Zelda ba sa fitowa a PlayStation ko Xbox. Ita kanta na'urar, wadda ta fito a 2017 kafin Switch 2 ta gaje ta a watan Yunin 2025, wani abu ne dabam, domin kana tsakiyar wasa a talabijin za ka iya zare ta daga mazauninta ka ci gaba a hannu, a kan gado ko a cikin mota, ba tare da wasan ya yanke ba. Idan a gidanku ana yawan rigimar wanda zai kalli talabijin, ko kana da yara ƙanana da kake so ku yi wasa tare, to ita ce za ta kawo maka abin da ba ka da shi. PlayStation da Xbox kuwa kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin ƙarfinsu ya yi kusa, kuma mafi yawan wasanninsu iri ɗaya ne.

Wani abin da masu ba da shawara suke mantawa shi ne cewa kuɗin na'ura ta biyu ba ya ƙarewa a ranar da aka saye ta. Wasan da ka saya a asusunka na PlayStation ba ya bin ka zuwa Xbox, faifan wannan ba ya aiki a waccan, kuma abin riƙewa (wanda ake sarrafa wasan da shi) na biyu, idan za ka yi wasa da baƙo, sai ka sake saye. Haka nan kowane kamfani yana karɓar nasa kuɗin kafin ya bar ka ka yi wasa da mutane ta intanet, in ban da wasannin kyauta irin su Fortnite: ga PlayStation Plus, ga na Xbox, ga Nintendo Switch Online. Na sha ganin wanda ya sayi ta biyu da ɗoki, bayan wata biyu ta koma ƙarƙashin talabijin ƙura ta lulluɓe ta, ranar da ya tuna da ita ya kunna kuma sai ta buƙaci sabuntawar da za ta cinye masa daren gaba ɗaya.

Ga gwajin da nake ba ka. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen wasannin da kake matuƙar so waɗanda ka tabbatar babu su a PlayStation 5, ba waɗanda ka ji ana yabo kawai ba. A gefe guda kuma ka ƙirga waɗanda ka riga ka saya ba ka gama ba, har da na PlayStation 4, tun da na'urarka tana karɓar mafi yawansu. Idan jerin farko bai kai uku ba, ka bar kuɗinka a inda yake, ko ka ƙara wa na'urarka ma'adanar ajiye wasanni, domin daga gigabait 825 da samfurin farko ya zo da shi, kimanin 667 ne kawai ake iya amfani da su. Idan kuwa jerin ya yi tsawo kuma ka ga duk na Nintendo ne, ka roƙi abokinka ya ara maka Switch ɗinsa na mako ɗaya tukuna, ka ga sau nawa hannunka zai kai gare ta.