Amsa: me ya sa Yahudawan waje ke yin idi kwana biyu?

Wa alaikumus salam. Malam ka tambaya wai me ya sa Yahudawan Turai da Amurka ke maimaita ranar idinsu alhali na Isra'ila kwana ɗaya suke yi, kuma shin su ma suna duban wata kamar mu. Toh bari in faɗi abin da na sani, don na zauna a arewacin Manchesta wajen unguwar Prestwich inda masu riƙo da addini a cikinsu suke da yawa, maƙwabcina na katanga ɗaya ma malamin makarantarsu ne, mun sha zama kan wannan magana.

Asalin abin duban wata ne. Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malamansu, ya ƙunshi Mishna wadda Rabbi Yahuda HaNasi ya tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, sai sharhinta Gemara da malamansu na Babila, wato Iraƙi ta yau, suka kammala wajen 500. Kashi shida ne, na biyun shi ake ce wa Mo'ed, littafi 12 duk kan ranar Asabar da bukukuwa. A na Rosh Hashana, wato idin sabuwar shekararsu, aka kawo yadda ake tsayar da wata, kuma wallahi in kana ji sai ka ɗauka kwamitin ganin wata na fadar Sarkin Musulmi ake ba ka labari. Shaidu biyu za su zo gaban alƙalai, a tsare su da tambaya ɗaya bayan ɗaya, ina ka gan shi, kudu ko arewa, yaya tsayinsa, ina ya karkata. Rabban Gamliyel, shugaban alƙalan, har zanen siffofin jinjirin wata yake da shi a allo da bango, ya nuna wa mutumin ƙauye ya ce haka ka gani ko haka? In an gamsu sai a kunna wuta a kan Dutsen Zaitun, na dutsen gaba ya hango ya kunna tasa, haka haka har labari ya kai Babila. Da Samariyawa, wata al'umma da ke saɓani da su a addini, suka fara kunna wutar ƙarya sai aka koma aika manzanni, su kuma ba sa isa garuruwa masu nisa kafin 15 ga wata da idin Pesak (na tuna fitowarsu daga Masar) ko Sukkot (idin bukkoki) ke kamawa. Na nesa bai san ko watan jiya ya yi 29 ko 30 ba, sai ya riƙe kwana biyun duka.

Akwai ƙissa ɗaya a nan da ta fi tsaya min a rai. Wasu shaidu suka ce sun ga wata, washegari da dare kuma aka duba babu shi, amma Gamliyel ya karɓi shaidarsu. Rabbi Dosa ya ce ƙarya suke, ta yaya za a ce mace ta haihu gobe kuma a gan ta da ciki har wuya? Rabbi Yoshuwa ya goyi bayansa. Sai Gamliyel ya aika wa Yoshuwa cewa ranar da lissafinka ya ba ka Yom Kippur, wato babbar ranar azuminsu ta neman gafara, ka zo min a garin Yabne da sandarka da kuɗinka, abin da haramun ne a ɗauka a wannan rana. Abin ya dame shi ƙwarai, Rabbi Akiba ne ya kwantar masa da hankali da ayar Attaura cewa ranakun idi su ne waɗanda ku kuka shelanta. Ya tafi kuwa, Gamliyel ya miƙe ya sumbaci kansa ya ce sannu da zuwa malamina kuma almajirina. Duk shekarar da na ga gari ɗaya a Arewa ya rabu, wasu na filin idi wasu na azumi, wannan ƙissar nake tunawa, gaskiya abin yana min ciwo.

Yanzu kam ba sa duban wata, lissafi suke bi wanda ake jingina wa Hillel na biyu wajen 359, suna ƙara wata guda sau 7 cikin shekara 19 don kada Pesak ya bar lokacinsa, shi ya sa nasu ba ya zagaye shekara kamar azuminmu. Toh in an san rana me ya kawo kwana biyu? Talmud da kansa ya yi wannan tambayar a littafin Beitza, amsar ita ce ku kula da al'adar iyayenku, wata rana hukuma na iya matsa muku lissafin ya rikice. Shi ke nan abin ya zauna. Pesak kwana 7 a Isra'ila 8 a waje, Shabu'ot, idin tuna saukar Attaura, 1 da 2, sabuwar shekara kuwa kowa biyu yake yi tunda 1 ga wata take. Yom Kippur ɗaya ne ko'ina, azumin awa 25 ba ci ba sha ai ba wanda zai iya ninkawa. 'Yan Reform dai, wato ɓangaren masu sassauci a cikinsu, galibinsu sun bar rana ta biyun tun ƙarni na 19.

Inda na ga nauyin abin da idona shi ne in idi ya faɗo Alhamis da Juma'a ya haɗe da Asabar, kwana uku cur ba waya ba mota ba taɓa makunnin lantarki. An yarda a yi girki ranar idi amma ba a ƙyasta sabuwar wuta, sai matar maƙwabcina ta kunna doguwar kyandir tun Laraba tana ɗibar wuta daga nan, fitilun gida kuma an saita musu agogo suna kunna kansu. Tun Larabar ake ware dafaffen ƙwai da burodi, shi ne eruv tabshilin, don ya halatta a dafa abincin Asabar ranar Juma'a. Ma'aikaci kuma duk daga kwanakin hutunsa na ofis yake cirewa.

Har gobe malamansu na saɓani kan baƙon da idi ya riska a Urushalima, wasu sun ce ya bi mutanen gari, da yawa sun ce ya yi biyu tunda gida zai koma. Shi maƙwabcina in ya je biyu yake yi, shaguna a buɗe motoci na wucewa shi kuwa yana taka ƙafa zuwa majami'a.