Kafin a zuba kankare a ƙofar gida a Jidda

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne mutum a Jidda ba ya gyara mashigar motarsa sai da izinin hukuma, ka kuma ɗora da cewa mu Hausawan nan tsoron takarda ya hana mu ko dakali a ƙofar gida. Maganar izini gaskiya ce. Maganar tsoro kuwa akwai gyara a cikinta, amma bari in fara da aikin.

Komai ya rataya ne a kan iyakar fili. Abin da ke cikin katanga na mai sakki ne, wato wanda takardar mallakar gida ke ɗauke da sunansa. Daga katanga zuwa kwalta, har da rasif ɗin da masu tafiya a ƙafa ke bi, na baladiyya ne, wato hukumar birni, ko da kai ka shimfiɗa shi da kuɗinka. A wajenku mutum kan ɗaga ƙofar gareji sama da titi, ya zubo gangaren siminti ya haye kwata har kan hanya. A nan wannan gangaren saɓa ƙa'ida ne: a ɗauki hotonsa, a ci mai gida tara, sannan ya fasa da kuɗinsa. Haka rumfar mota da aka kafa a wajen katanga, da sarƙa ko bulo da ake girkewa don kama wurin ajiye mota. Ba lallai sai ma'aikaci ya biyo ba, maƙwabci ma yana iya kiran lambar baladiyya 940 ya kai ƙara.

Idan sabon gida ne, mashigar tana cikin zanen gini tun farko. Ofishin injiniya mai rajista ne ke shigar da buƙatar lasisi ta manhajar Baladi, tare da sakki, da takardar awon fili, da rahoton gwajin ƙasa, tunda daga 2021 dokar gini ta ƙasa ta hau kan gidajen zama. Idan tsohon gida ne kana son huda sabuwar ƙofa a katanga ko faɗaɗa wadda ke akwai, ka kai wa ofishin tsohon lasisin, su za su duba ko izinin gyara ya isa ko sai an sauya zanen. Ka kuma tanadi kwantenar zuba ɓaraguzai kafin a ɗaga guduma, don jibge su a titi laifi ne mai zaman kansa. Tonon rasif ko kwalta yana da izininsa daban, saboda a ƙarƙashi akwai bututun ruwa da wayar lantarki da ta sadarwa, kuma wanda ya yanke su shi zai biya.

Wurin da aikin ya fi lalacewa shi ne ƙasar kanta. Jidda na bakin Bahar Maliya, kuma a unguwannin da ke kusa da teku, musamman wajen Ubhur, ƙasar sabka ce, gishiri ya cika ta, ruwa kuma yana kusa da sama. Gishirin nan ta hanya biyu yake ɓarna. Wani nau'insa yana cin simintin har ya riƙa marmashewa, wani kuma yana ratsawa ya kama rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa sayen siminti mai jure gishiri kaɗai ba ya wadatarwa. Dole kwaɓin ya yi ƙarancin ruwa, a shimfiɗa leda mai kauri tsakaninsa da ƙasa, a kuma ɗaga rodin ya samu rufin kankare na aƙalla santimita 5. Kaurin daɓen ya kai santimita 12 zuwa 15, a yanka layin tsagewa duk bayan mita 3 zuwa 4. Da rani a zuba shi da dare ko da asuba, ga shi ma an hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Bayan nan a yi ta ba shi ruwa kwana 7, ruwan daɗi, ba na rijiyar unguwa mai zartsi ba. Masu neman sauƙi da ruwan zartsi su ne daɓensu ke fitar da farin gari kafin shekara.

Ni dai a ganina bulon intalok ya fi dacewa da wannan ƙasa, don ba rodi a cikinsa, kuma in aka zo gyaran bututu sai a ɗage a mayar. Amma a sayi mai kaurin santimita 8. Mai 6 na masu tafiya a ƙafa ne. A kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwar ƙarƙashi santimita 15 zuwa 20, a jiƙa a daddale da inji, sannan yashi mai tsabta santimita 3 zuwa 5. A kafa dutsen gefe da kankare kafin shimfiɗa, in ba haka ba taya za ta yi ta ture bulon har layi ya buɗe. Kwarin da kake gani daidai sawun taya ba laifin bulo ba ne, daddalewar ce ba ta yi ba.

Sai abin da baƙo ba zai sani ba: gidaje da yawa a nan tankin ruwansu na ƙarƙashin ƙasa ne a gaban gida, wasu kuma har yau da ramin bayyara, wato ramin da ke tara ƙazantar bayan gida, suke aiki, motar zuƙa na zuwa ta kwashe. Kada a rufe murfinsu da daɓe, kada kuma a bi da mota ta kansu sai injiniya ya tabbatar rufin zai ɗauka. Bakin tankin sha ya ɗan ɗara daɓen tsayi, don kada ruwan wankin mota ya gangara ciki. Gangaren daɓe ya zama santimita 2 a kowace mita, yana barin ginin, kuma duk hawan da mota za ta yi a gama shi a cikin katanga.

Za ka ce garin da ba a cika ruwan sama ba, mene ne na damuwa da gangare? Ambaliyar Nuwamba 2009 ta kashe mutum sama da 100, Kuwaiza na cikin unguwannin da suka fi shan wuya. Ta sake dawowa a Janairu 2011, sannan a Nuwamba 2022 aka auna milimita 179 cikin 'yan sa'o'i a kudancin birnin. Ruwan daga duwatsun gabas yake sauka yana neman teku, kuma kowane gangaren siminti da aka kafa a gefen titi yana karkatar da shi gidan maƙwabci.

Yanzu maganar tsoron takarda. Kakanninmu da ƙafa suka zo ta Chadi da Sudan, suka tsallako teku daga Sawakin, suka kafa gidaje a Karantina da Sabil da Hindawiyya, da yawa ba sakki, sai shaidar maƙwabta kamar yadda ake yi a gida. Da aka rushe waɗannan unguwanni daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mai sakki aka biya diyyar fili da gini, ɗan ƙasa marar sakki ta gini kawai, masu haya kuwa suka watsu neman wurin zama. Wanda ya ga haka ba ya ɗora bulo ɗaya ba tare da takarda ba, kuma ba za a kira wannan ragwanci ba.

Takardar ce ma ta shiga tsakaninmu a wajen aure, abin da kuka fi gorantawa. Kuna cewa mun raina 'ya'yan gida, muna aurar da namu ga Larabawa. Gaskiyar ita ce ɗan ƙasar Saudiyya, namiji ko mace, ba ya auren baƙo sai da izinin hukuma, kuma zama ɗan ƙasa ta wajen uba yake bi. Uban da ya ba ɗan'uwansa na Kano 'yarsa ya san jikokinsa ba za su tashi da matsayin uwarsu kai tsaye ba. A gida ɗaya za ka samu mai shaidar ɗan ƙasa da mai iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, kuma lasisin gini da sunan mai sakki kaɗai yake fita. Mafi yawan aurenmu ma tsakaninmu ne, Hausawan Jidda da na Makka da Madina.

Ko mu Hausawa ne har yanzu? Yaranmu Larabci ya fi zama a bakinsu, wannan ba mu musa ba. Amma sunan Hausawi na rubuce a katin shaidarsu, da shi Usama Hausawi ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018, kuma tsirenmu ya zama abincin gari, Larabawa na layi a kansa. Dakalin ma bai ɓata ba, cikin katanga ya koma. Masu gini da suka san mu sukan bar masa mita ɗaya a gefen mashigar mota, kusa da ƙaramar ƙofa, don dattawa su samu wurin zama bayan la'asar. Idan za a yi shi, a sa shi cikin zanen tun farko, a kuma nisanta shi da murfin bayyara.