Wace fokilif ce za ta iya da rairayi da taɓon Legas?

Tambaya: Ina da filin ajiye bulo da siminti a Ibeju-Lekki, inda ƙasar rairayi ce, da damina kuma ta koma taɓo. Fokilif ɗin, wato motar ɗaga kaya, da muka ɗauko haya daga wani sito ta kafe mana sau biyu. Me ya bambanta wadda aka ƙera don gargada wajen tafiya da juyi?

Amsa: Alhaji, wadda kuka ɗauko an yi ta ne don daɓen siminti, shi ya sa tayoyinta ƙanana ne kuma cikinta na dab da ƙasa. Ita kuwa ta gargada asalinta tarakta ce, domin a shekarar 1958 ne Marcel Braud na kamfanin Manitou a Faransa ya juya tarakta gaba ya koma baya, ya ɗora mata abin ɗaga kaya. Daga nan ta gaji manyan tayoyi masu iska da zurfin zane, da tazara mai yawa tsakanin cikinta da ƙasa. A rairayinku, ka nemi wadda injinta ke jan duk tayoyi huɗu, wadda kuma take da abin kulle tayoyi su juya tare, ta yadda idan ɗaya ta faɗa laka tana wulwulawa a banza, 'yar'uwarta za ta fid da motar.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya. An liƙa shi ne a tsakiya yana lilo, saboda haka idan taya ɗaya ta hau tarin tsakuwa, sauran ba sa rabuwa da ƙasa. Da waɗannan tayoyin bayan ne kuma take shan kwana, don haka gindinta kan yi waje sosai. Yaron da ya tsaya a gefenta yana kallon bulon da aka ɗaga, shi ne wanda ya fi shiga haɗari. Kuma tana bukatar fili fiye da ta sito, sai ka auna faɗin ƙofarka da tsakanin layukan bulo kafin ka biya kuɗi.

Idan wurin ya matse, akwai mai dogon hannu, irin wadda kamfanin JCB ya fitar a Ingila a 1977. Yawancin na yanzu ana iya juya tayoyinsu huɗu don kwana ta matse, ko a karkata su duka gefe guda motar ta yi tafiyar kaguwa ta matso jikin tirela.

Roƙona ɗaya shi ne ka ja kunnen direbanka. Kada ya sha kwana a kan gangare, kada kuma ya yi tafiya da kaya a sama, domin nan ne take kifewa. Ya sauke kayan kusa da ƙasa, ya ɗan kwanto da su baya, kuma ko hawa yake ko sauka, kayan su riƙa fuskantar tudu.