Tambayoyinku: Hoton Amarya da na 'Yan Makaranta

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan fitowa yawancinsu daga garuruwan Kano da Jigawa suka zo, kuma kusan duka a kan hoton amare ne da na ɗaliban da ke shirin barin sakandare. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Daga wata uwa a yankin Ringim: A bikin babbar 'yata, da aka wanko hotuna sai fuskarta ta fito fari fat kamar an barbaɗa mata toka, wuya da hannuwa kuwa baƙi. Ga bikin ƙanwarta yana tafe. Laifin mai kwalliya ne ko na mai hoto?

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Kowannensu yana da nasa kaso. Akwai farar hoda da ake shafawa a ƙarshen kwalliya don ta shanye maiƙo, da yawanta tana ɗauke da sinadarin silika. A ido ba ta nuna komai, amma da filasha ta haska ta kai tsaye sai ta mayar da hasken cikin kyamara, goshi da ƙarƙashin ido su yi fari. In kuma tun asali an zaɓo hoda wadda ta fi fatar yarinyar haske, aka tsaya a haɓa ba a gangara wuya ba, to fuska da jiki sun rabu ke nan.

Ga abin yi. A gwada kalar hodar a gefen muƙamuƙi, a bakin ƙofa inda hasken rana yake, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. A shafa har wuya. Kafin mai kwalliya ta tattara kayanta, a ɗauki amarya hoto da filashar waya a cikin ɗaki; in fari ya bayyana, a kaɗe hodar da buroshi nan take. Shi kuma mai hoto kada ya saita filasha a fuskarta. Ya karkata kan filashar zuwa silin in fari ne, hasken ya sauko a tausashe. In ɗakin kwano ne zalla babu silin, ko bangon shuɗi ne ko kore, hasken zai kwaso wannan launi ya zuba a fatarta. Nan sai wata ta riƙe farin zane a gefensa ya haska shi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi damun mu. Masu hoto da yawa suna zama gaban kwamfuta su haskaka fatar amarya, su goge ta sumul har kamanninta su ɓace, wai gyara. Hajiya, ki gaya wa mai hotonku tun kafin biki: a cire ƙurji in ya fito, a rage ƙyallin gumi, amma a bar mata kalar da Allah ya ba ta. Baƙar fata da wankan tarwaɗa suna fita da kyau ƙwarai in an ba su hasken da ya dace.

Daga wani matashi mai ɗaukar hoto a Gwarzo: Ina da kyamarar Canon da gilashin gaba (lens) na 18-55mm da ta zo da shi. Duk sanda na ɗauki ango cikin farar shadda, ko ɗaliba cikin farin hijabi, sai fuska ta yi duhu. Kyamarar ce ta tsufa?

Ɗan'uwa, lafiyar kyamararka lau. Ma'aunin hasken da ke cikinta an gina shi ne ya mayar da komai tsaka-tsaki, ruwan toka. In ya ga fari ya cika hoto sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskar ta tafi da ragin. Maganin gaggawa shi ne maɓallin da ke da alamar +/-. Ƙara daga +2/3 zuwa +1, sannan ka duba allon kyamara: in aikin wuyan rigar ya ɓace ya zama fari zalla, ka wuce gona da iri, sai ka ɗan sauko.

Amma tushen matsalar wuri ne da lokaci. Tsakanin ƙarfe 11 zuwa 3, rana tana tsakiyar ka. Tana zuba inuwa cikin ramin ido da ƙarƙashin hanci, mutum kuma yana ta ƙanƙance ido. Ɗauki hotonka da hantsi kafin ƙarfe 9, ko bayan la'asar sakaliya. In biki ya tilasta maka tsakar rana, nemi cikakkiyar inuwa: bakin zaure, ƙarƙashin rumfa, ko gefen katanga. Tsayar da mutumin taku ɗaya cikin inuwar, fuskarsa tana kallon fili. Katangar jar ƙasa in rana na dukanta tana mayar da wani haske mai ɗumi da ke yi wa fatarmu kyau, kyauta kuwa. Gindin darbejiya sai da lura, domin rana tana ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma cire wannan a wajen gyara yana da wuya ƙwarai.

A irin wannan inuwa, fara da ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 200, buɗewar gilashi f/5.6, da saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa, ka zuƙo gilashin zuwa 55. Kada ka matso kusa da fuska a 18, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya. Sami farin kwali mai faɗi, yaro ya riƙe shi daidai ƙirjin mutumin, ɗan nesa kaɗan, ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. In kuɗi ya samu, gilashin 50mm f/1.8 shi ne sayayyar farko, ba sabuwar kyamara ba. Da shi za ka zaunar da amarya kusa da taga, ka kashe ƙwan ɗaki don kada launi biyu su haɗu, ka ɗauka a f/2.8, 1/125, ISO 400 zuwa 800. Saita ganin kyamarar a kan idon da ya fi kusa da kai.

Kar ka manta da hannuwa. Jan lalle yana ƙara nuna kwana ɗaya zuwa biyu bayan an cire shi, don haka hoton ƙunshi ya fi kyau washegari.

Daga wani malamin sakandare a Birnin Kudu: Muna da ɗalibai kusan 60 da za su kammala bana. Ta yaya za a ɗauke su tare kowa ya fito?

Malam, a yi shi kafin a shiga jarrabawar WAEC da NECO, domin daga nan yara sun watse, damina kuma ta kankama. A jera su sahu huɗu, 15 a kowane sahu: na gaba a kan tabarma, na biyu a benci, na uku a tsaye, na huɗu a tsaye kan benci mai ƙwari. A matse sahun da juna, kowane kai ya faɗa tsakanin kawuna biyu na gabansa. Inuwar doguwar katangar aji ta fi ko'ina. Mai hoto ya ja baya, ya hau tebur, ya sa f/8, 1/250, ISO 400, ya saita gani a sahu na biyu. A f/4 sahun baya zai yi dishi-dishi. Ya ɗauka aƙalla sau 10, domin cikin mutum 60 ba a rasa mai ƙifta ido.

A hoton ɗaiɗaiku, a ɗan tura hular yaye baya don kada ta rufe ido da inuwa. Mai tabarau ya sunkuyar da haɓa kaɗan, ƙyallin gilashin zai kauce.

Daga wani ango a Gumel: An turo mini hotunanmu ta WhatsApp, na kai wanki don a sa a firam, sai suka fashe.

Malam ango, WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba. Wanki mai kyau yana son fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 300 a kowane inci, wato 1200 da 1800 ga hoton inci 4 da 6, 2400 da 3000 ga na inci 8 da 10. Koma wurin mai hoton ya zuba maka na asali a memori, ko ya turo ta wurin da ake tura fayil. Ka kuma sani cewa firam na 8 da 10 yana yanke inci 2 daga tsawon hoton kyamara, shi ya sa ake barin fili a saman ɗaurin ɗankwali.

Daga mai hoto a Hadeja: Wasu baƙaƙen ɗigo suna fitowa a wuri ɗaya a duk hotunana tun lokacin hunturu.

Ƙura ce ta zauna a kan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Ɗauki sararin sama a f/16 za ka gan su ƙarara. Hura da robar hura iska, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ban da hurawa da baki, ban da goga ƙyalle. In ba su tafi ba, kai wa mai gyara. Nan gaba ka riƙa canja gilashi a cikin ɗaki.

Daga wata amarya mai jiran gado a Dambatta: Ina son hotunan kamu da na lalle, amma ina tsoron in gan su suna yawo a Facebook ko TikTok.

'Yar'uwa, tsoronki a kan hanya yake, kuma haƙƙinki ne. Yayanki ko kawunki ya zauna da mai hoton kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami, a rubuta a takarda: hotuna nawa, ranar karɓa, da cewa ba zai saka ko ɗaya a intanet ko a bangon shagonsa ba sai da izininki. Kowa ya sa hannu gaban shaida. Na cikin gida, inda mata ke sakewa babu mayafi, a nemi mace ta ɗauka. In babu, wata 'yar'uwa ta ɗauka da wayarki, kusa da taga. Ki sayi memori naki a ɗauka a kai, a miƙo miki shi tare da albam, ki kwafe hotunan a wuri na biyu. Ki tambayi kuma inda za a kai wanki, domin a can ma hoto yana bi ta hannuwa da yawa. Ƙawaye masu ɗaga waya su ne ƙofar da aka fi mantawa da ita. Babbar ƙawa ta sanar da su tun kafin a fara.