EEG zai gano mantuwar Baba tun da wuri?

Hajiya, kin ce Baba ya fara ɓata hanyar masallaci a Jekadafari, kina tambaya ko EEG, wato gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, zai gano matsalar. Allah ya ba shi lafiya.

Gwajin ba zafi. Wayoyi kusan 20 ake manna wa a kai, a ɗauki motsin lantarkin ƙwaƙwalwa na kamar rabin awa. A cutar Alzheimer, mai kawo mantuwa ga tsofaffi, motsin kan rage sauri, sai dai tun tana sabuwa sakamakon kan fito lafiya lau, shi ya sa shi kaɗai bai isa ba. Gwajin ya fi gano farfaɗiya.

Ki kai shi asibitin koyarwa na Gombe, likita ya gwada tunaninsa, a auna jini. Ƙarancin bitamin B12 ma na kawo mantuwa, kuma yana da magani. Ki tafi da wanda ke kwana da shi, don Baba zai ce ƙalau yake.