Tirelar Kwana: Tsakiyar Taya Na Zafi, Silin Na Tabon Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tirelar kwana ta hannu, irin mai gado da kicin da banɗaki wadda ake ja da Hilux, shigowar Amurka ce. Tana zaune a gonata a Dadin Kowa, wani lokaci mukan ja ta zuwa Yankari da iyali. A tafiyar ƙarshe da muka tsaya a Alkaleri na taɓa tsakiyar taya ɗaya, na ji ba ta taɓuwa don zafi. Akwai kuma tabon ruwa a silin kusa da tagar sama. Me ya kamata in yi kafin damina? Daga mai karatu a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada tirelar nan ta sake hawa titi sai an buɗe wannan tayar. Zafin da hannu ba ya iya jurewa a taya ɗaya alhali sauran lafiya lau, abu biyu ne ke kawo shi: ko boris ya bushe, ko birki na riƙewa. A ɗaga ta da jak a gindin firam, ba a tsakiyar aksil ba, domin bututu ne, yana lanƙwashewa. A juya tayar da hannu. In ka ji gurza kamar an zuba yashi, boris ne. In ta juya da nauyi ta tsaya nan take, birki ne ya yi tsauri. Sannan ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, notin tsakiya ya saki ko boris ya cinye.

Ƙa'idar aksil irin na Amurka ita ce a sabunta giris duk wata 12 ko mil 12,000, wato wajen kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa. Mutane kan ce ai ba ta tafiya, me zai cinye giris? Zaman ne ma ya fi ɓata shi. Zafin Maris da Afrilu na raba man da ke cikinsa, danshin damina ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa a daidai inda nauyi ya danne. Bakanike ya ciro boris na ciki da na waje, ya wanke da kalanzir, ya bar su su bushe. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi ko ya yi ƙananan ramuka a jefar da shi tare da zoben da yake gudu a kai. Sabon boris a tsohon zobe asarar kuɗi ce. A cusa giris mai lamba 2 na litiyam da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, kuma kada a gauraya iri biyu. Sil na baya, wato zoben robar da ke hana giris fita, sabo ake sawa kowane buɗi, don in ya yi yoyo giris zai jiƙe takalmin birki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaurin notin tsakiya. A ɗaure shi sosai ana juya tayar don boris ya zauna, a kwance shi gaba ɗaya, a mayar da yatsu kawai, sannan a zura sabon kotafin, wato ƙaramin ƙarfen da ke hana notin kwancewa. Wanda ya take sifana da ƙafa ya bar shi haka, kafin garin Dindima da ke kan hanyar Yankari boris ɗin ya ƙone. Notocin taya kuma a sake duba su bayan kilomita 15, da 40, da 80.

Tun da an kwance, duba shekarun tayoyin. A gefen kowace akwai rubutu mai farawa da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tirela ba ta kai ga suɗewa, rana ce ke tsattsaga ta. In ta haura shekara biyar zuwa shida a canza ko da zanenta na nan kamar sabo. Iska da safe ake aunawa kafin a motsa, gwargwadon abin da ke rubuce a jikin tirelar, yawanci 50 ko 65, ba 35 ɗin da mai faci ya saba bai wa ƙananan motoci ba.

Sai rufi. Tabon da ka gani ba lallai nan ruwan ya shiga ba, yakan bi katako ya yi nisa kafin ya nuna kansa. Yawancin tirelolin Amurka shimfiɗar roba ce a kan falanki, don haka fetur, kalanzir da kwalta duk haram ne a kanta, suna kumbura robar ta saki. Silikon ɗin da masu gilashi ke amfani da shi ma ba ya kamawa, kuma in ya taɓa wuri, gam na gaskiya ba zai zauna a kansa ba. A wanke da ruwa da sabulu mai laushi, a bi gefen tagar sama, gindin eriya, bututun iska da haɗin gaba da na baya. Duk inda tsohon gam ya tsage ko ya ɗago, a kankare wanda ya saki da ledar kankara, a zuba gam mai bajewa da kansa, irin Dicor, a rana busasshiya. Taka a hankali: inda ya lotsa ƙarƙashin ƙafa, falankin ya ruɓe, sai kafinta. A gama wannan cikin Afrilu, a sake hawa bayan ruwan farko mai iska, daga nan duk wata uku.

Gargaɗi ɗaya da ba ka tambaya ba: wayoyin tirelar na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa 230. Jona ta kai tsaye da NEPA ko janareto zai ƙone caja, firiji da na'urar sanyi a tashi ɗaya; sai da taransifoma mai rage wuta. Batir cikakke na nuna volt 12.6 a ma'auni, kada a bar shi ya sauka ƙasa da 12.2, kuma a cire kansa in za ta daɗe a ajiye. Haɗin tiyon gas a shafa masa ruwan sabulu, kumfa na nufin yoyo.

A gona kuwa gara da ɓeraye ne abokan gaba. Kada ka ɗora ta kan kututture ko ka bar ciyawa na taɓa cikinta. A yi mata daɓen siminti, a toshe ramukan da bututu da wayoyi ke bi da soson ƙarfe, a fitar da hatsi duka, a rufe tayoyin da buhu daga ɓangaren da rana ke duka.