Jamus ce ko Almaniya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Don Allah a raba mana gardama, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu mai sharhin Larabci yana ta ce wa 'yan wasan Jamus Almaniya, wani abokinmu ya rantse wai ba ƙasa ɗaya ba ce, ga kuma magoya bayansu sun ɗaga ƙyalle an rubuta Deutschland. Wanne ne sunan na ainihi? Daga mai karatu a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙasa ɗaya ce, abokin naku ya yi kaffara kawai.

Abin da ya jawo shi ne, wurin ya daɗe ba ƙasa ɗaya ba ne, ƙabilu ne da ƙananan masarautu barkatai, sai a 1871 zamanin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na farko, aka dunƙule su. Kafin nan kowane maƙwabci ƙabilar da ya fi gogayya da ita, sunanta yake liƙa wa kowa da kowa. Faransawa sun yi iyaka da ƙabilar Alemanni ta wajen kogin Rhine, shi ne suka ce Allemagne, Sifaniyawa Alemania, Larabawa da Turkawa su ma suka bi wannan layin. Mutanen Finland kuwa Saksa suke cewa saboda ƙabilar Saxon. Rumawa tun zamanin Julius Caesar suna ce wa yankin Germania, nan Ingilishi ya samo nasa Germany, mu kuma muka ji Bature yana kiran mutanen da jam'insu, Germans, bakin Bahaushe ya lanƙwasa ya zama Jamus, har muka haifa masa Bajamushe da Jamusawa.

Su kansu Deutschland suke cewa, Deutsch ɗin tsohuwar kalma ce tasu mai nufin na jama'a, wato masu yaren gida ba Latin ɗin coci ba. Kai da kake Gombe ma bai kamata abin ya ba ka mamaki ba, mai abu ya ce Fulɓe, mu mu ce Fulani, Barebari su ce Fulata.

Wanda ya fi ba ni dariya na Poland ne, Niemcy, asalinsa bebaye, don kawai ba sa gane yarensu! Wannan sunan fa ya yi tafiya, Turkawan Usmaniyya suka ɗauka suna kiran Ostiriya da shi tunda can ma Jamusanci ake yi, shi ya sa har yau Balarabe ke ce wa Ostiriya Nimsa.